Sikelin Da Ya Ƙi Sauka

"Inna, me ya yi miki? Ki faɗa mini laifinsa ɗaya... ɗaya tak!"

Inna ba ta ɗago ba. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana tsince zogale, kamar ba da ita nake ba. Ko minti goma ba a yi ba da tafiyar saurayina Lukuman, wanda ya taso tun daga Gusau zuwa gidanmu a Bungudu don ya gaishe ta karo na farko.

"Bai yi mini komi ba, Ikhlas. Yaro ne mai ladabi."

"To mene ne?"

"Kin ji numfashinsa da ya durƙusa? Kin ga yadda ya dafa bango kafin ya miƙe?" Sai a lokacin ta dube ni, idanunta sun kaɗa sun yi ja. "Haka babanki ya riƙa yi. Wallahi ba bambanci."



Babanmu mutum ne mai jiki sosai. Hawan jini da ciwon suga suka haɗe masa, ya yanke jiki ya faɗi a ofis wata Talata yana da shekara arba'in da shida. Ina aji biyu a sakandare lokacin. Mu huɗu ya bar wa Inna, autarmu ko yaye ba a yi mata ba.

"Inna, ai rai na Allah ne!"

"Na sani. Amma ban raini ɗiyata don ta yi takaba da goyo a bayanta ba. Na ɗanɗana, na san ɗacinta."

Kwana uku muna zaman doya da manja. Ƙanen babanmu, Baba Ɗantsoho, shi ya zo ya shiga tsakani. Ya ce wa Inna ƙiba ba aibi ba ce a addini, ba a hana aure saboda ita. Inna ta yi kuka, ta share hawayenta, sannan ta kafa sharaɗi. Shekara ɗaya ta ba Lukuman. Ya sauke kilo ashirin, ya kawo takardar likita cewa jininsa ya daidaita, a sa rana.

Da na faɗa wa Lukuman a waya, sai na ji ya tuntsire da dariya.

"Kilo ashirin kacal? Haba sanyin idona! Ai ko dutsen Kwatarkwashi Inna ta ce in ɗauko, sai dai in tambaya inda zan ajiye mata."

Haka yake. Ɗan Tsafe ne, yana aiki a ma'aikatar gona a Gusau, ni kuma ina koyarwa a wata firamare a Tudun Wada. Tun yana yaro ake tsokanar sa da ƙiba, har ya saba ya riga kowa yi wa kansa dariya. Ban taɓa ganin mutum mai taushin zuciya irinsa ba.

Ranar da ya fara hawa sikeli, kilo ɗari da ashirin da huɗu ya nuna.

Ya shiga wani gidan motsa jiki, wurin wani mai horarwa da ake kira Garba. Kwana huɗu a mako, bayan sallar asuba, yana can yana ɗaga ƙarfe. Ya bar lemon kwalba, ya bar fura, ya bar shinkafa da tsire. Dafaffen ƙwai, kifi, kwaɗon zogale, shi ke nan. Wata biyu na farko kilo huɗu suka tafi. Ranar har kuka na yi don murna.

Daga nan sikeli ya tsaya cak a ɗari da ashirin.

Wata na uku ya wuce, na huɗu, na biyar. Damatsansa suka yi tauri, kafaɗunsa suka buɗe, ƙarfen da a da yake nishi kafin ya ɗaga ya koma ɗaga shi da hannu ɗaya. Amma tumbin yana nan yadda yake.

"Garba ya ce in yi haƙuri," in ji shi wata rana. "Wai tsoka ta fi kitse nauyi, wai jikina na canzawa ko da sikeli bai nuna ba."

"To ai magana ce mai kyau..."

"Ikhlas, Inna ba damtse ta ce za ta auna ba."

A gidansu ma abin bai bar shi ba. Duk Juma'a yakan je Tsafe wurin mahaifiyarsa, Iya Asabe. Tun da ya tashi, tuwon dawa da miyar kuka da man shanu take tarbar sa da shi. Yanzu sai ya ɗanɗana loma biyu ya rufe kwano.

"Ta yi kuka yau," ya faɗa mini da yamma. "Ta ce, 'Lukumanu, abincina ne ya zama guba? Wace ɗiya ce wagga da za ta raba ka da hannun uwarka?' Ban san abin da zan ce mata ba."

A gida Inna tana ƙirga watanni, duk ƙarshen wata sai ta ce, "Yaya mutuminki?" in ce da sauƙi.

A wata na takwas ya zo ya same ni a ƙofar makaranta bayan an tashi. Bai sauka daga babur ba. Ya miƙo mini wayarsa, hoton sikeli ne. Ɗari da ashirin da ɗaya.

"Ƙaruwa ma na yi."

Na tsaya ina kallon lambar. Gajiya ce ko tsoro, har yau ban sani ba. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Lukuman... ko dai kana ci a ɓoye?"

Ya dube ni. Ban taɓa ganin wannan kallon a fuskarsa ba.

"Ke ma?"

"Ba haka nake nufi ba, wallahi..."

"Wata takwas ina kwana da yunwa. Dubi hannuna!" Ya buɗe tafukansa, duk kanta, wani wurin ya fashe. "Abokan aiki sun ce ƙarya nake. Yayyena sun ce ƙarya nake. Na ce ba komi, akwai mutum ɗaya da ta yarda da ni."

"Masoyina, don Allah ka yi haƙuri!"

"Ba komi. Saura wata huɗu. Za ki gani."

Ya tayar da babur ya tafi, ya bar ni tsaye riƙe da littattafan yara.

Na kuwa gani. Cikin mako shida kilo goma suka zube. Ya riƙa turo mini hoton sikeli duk Asabar, ni kuma ina tsalle ina kai wa Inna. Har Inna ta fara murmushi, ta fara maganar kayan ɗaki. Na lura idanunsa sun faɗa, leɓunansa sun bushe, dariyarsa ta ragu. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce gajiyar aiki ce. Ban ƙara tambaya ba, don ba na son jin wata amsa.

Wata Litinin da safe ina cikin aji, ƙanwarsa Husna ta kira ni tana kuka.

"Anti Ikhlas, Yaya ya faɗi a wurin ɗaga ƙarfe! Muna asibiti!"

Ban san yadda na isa ba. Na same shi kwance, ƙafafunsa sun kumbura sumtum, fuskarsa ta yi fari fat. Garba na tsaye a bakin ƙofa yana salati.

A nan gaskiya ta fito. Tun ranar da na yi masa waccan tambayar ya koma cin abinci sau ɗaya a yini. Ya sayi wani jiƙon rage ƙiba da ake talla a waya, marar suna marar lamba, yana sha safe da yamma. Ga maganin ciwon jiki da yake haɗiya kullum don ya iya ci gaba da ɗaga ƙarfe. Husna ta ce kwalba bakwai ta tarar a ƙarƙashin gadonsa. Garba ya rantse bai san komi ba.

Likita ya ce ƙodojinsa biyu sun taɓu. Za a fara wankin ƙoda sau biyu a mako, a ga ko za su farfaɗo.

Muka jira wata ɗaya. Muka jira na biyu. Ba su farfaɗo ba.

Inna ta daina cin abincin kirki. Sai in same ta zaune da carbi a hannu, ba ta ja. Wata safiya ta sa mayafinta ta ce, "Kira Baba Ɗantsoho. Tsafe za mu."

Iya Asabe ta amsa sallamarmu, ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa. Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya.

Lukuman na jingine a inuwar darbejiya a tsakar gida. Rigar da a da take matse shi ta zama kamar ta aro. Ya yunƙura zai durƙusa wa Inna, ta ce, "A'a, a'a, zauna ɗana!"

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta kafin ta yi magana.

"Lukuman, ni na jawo wannan. Tsoro ne ya rufe mini ido. Ka yafe mini don Allah. Na janye maganata duka. Ga Baba Ɗantsoho nan, a sa rana ko wata mai zuwa ne."

Na dube shi ina jiran murmushin nan nasa.

Ya yi murmushin, amma hawaye na bin kuncinsa.

"Inna, ba ki yi mini komi ba. Ba ke kika ba ni kwalbar ba, ni na saya da hannuna." Ya numfasa. "Amma ba zan karɓa ba."

"Lukuman!" Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Zauna, Ikhlas, don Allah. Da can tsoro kawai Inna take ji, ba ta da tabbas. Yanzu likita ya faɗa mini a gaban Iya. Wanki sau biyu a mako, har sai yadda Allah ya yi. Ba zan ɗauko ki in mai da ke mai jinya tun daga ranar farko ba."

"Ni na ce ina so! Ni zan yi jinyar! Wa ya tambaye ka?"

"Na san za ki yi. Shi ya sa ba zan bari ba."

"Saboda maganar da na faɗa maka ne, ko? Ka ce ita ce! Ka hukunta ni da wani abu, ban da wannan..."

"Na yafe miki ita tun a kan babur, kafin in sha kwanar makarantarku." Ya juya wurin Baba Ɗantsoho. "Baba, ku shaida na janye nemana. Allah ya ba ta wanda ya fi ni lafiya."

Baba Ɗantsoho ya cire hularsa ya riƙe. Iya Asabe ta tashi ta shige ɗaki, muna jin kukanta daga ciki.

Na roƙe shi har muryata ta dushe. Ya rufe idanunsa, ya juya fuskarsa wajen bango.

A mota, ni da Inna muka zauna a baya. Ina kallon gonakin dawa suna wucewa. A raina na ƙudurta ba zan sake yi mata magana ba.

Sai na ji hannunta yana laluben nawa.

"Ikhlas..." ta ce a hankali. "Na so in tsare ki ne."

Na juyo. Cikin wata biyu ta tsufa kamar an ƙara mata shekara goma. Na so in fizge hannuna, wallahi na so.

Na kasa. Na kifa kaina a kafaɗarta, muka yi ta kuka har Gusau.