Faifan Marigayi Akanmu

Ranar Litinin da hantsi Iya Abeni ta kunna kwamfutar ɗakin ɗaukar waƙa da mijinta Akanmu ya bari a Mokola, cikin Ibadan, ta tarar wayam. Kiɗan kalangu na ƙarshe da marigayi Akanmu ya ɗauka, waƙa goma sha ɗaya da ba a fitar ba, duk sun ɓace.

Ta aika a kira Oyelakin, mai gyaran kwamfuta. Shekarar 2001 ce, lokacin da masu wannan sana'a a garin ba su cika hannu ba. Shi ya haɗa injin da kansa shekara uku baya, marigayin na zaune kusa da shi yana tsokanarsa, wai ana yanka faifan ajiyar kwamfuta kamar doya. Gida biyu ya raba shi. Sashen gaba, wanda masu sana'ar ke kira firamare, ya ɗora masa Windos 98. Sashen ƙari, ekstendad, ya bar wa waƙoƙi.

"Mama, wa ke da makullin ɗakin nan?" in ji Oyelakin.

"Morenike mai buga takardu, sai Tajudeen mai haɗa sauti."

Morenike ta fashe da kuka tun kafin a tambaye ta. Tun Alhamis tana Ogbomoso bikin ƙanwarta, kuma da ita Iya Abeni ta dawo jiya Lahadi a mota ɗaya. Oyelakin ya sallame ta.

Tajudeen kuwa ko gezau.

"Oga, ƙwayar cuta ce ta cinye sashen gaba ranar Asabar. Na goge shi gaba ɗaya, na ɗora sabon Windos a ekstendad. A nan waƙoƙin suka salwanta. Ƙaddara ce."

"Ka goge firamare gaba ɗaya?"

"Ƙaf."

"Kuma injin ya tashi?"

"Ga shi kana gani, sai ka ce sabo."

Oyelakin ya ciro sukudireba daga aljihu. "Mama, wannan Windos ɗin ba ya tashi sai daga firamare. Ekstendad ɗakin ajiya ne, ba shi da ƙofar waje. Da abin da ya faɗa gaskiya ne, da baƙin allo za ki gani yau. Ya haddace sunayen, bai san aikinsu ba."

Ya kwance murfin. Faifan da ke ciki sabo ne fil, da tambarin wani shago na kasuwar Dugbe, wanda aka ɗora wa Windos tun daga can.

"Ba a goge komai ba. Musanya aka yi. Ina na asalin?"

Tajudeen ya dubi ƙasa. Da aka ambaci 'yan sanda sai bakinsa ya buɗe. Faifan na asali yana ƙarƙashin katifarsa, wani dillalin kaset na kasuwar Ogunpa zai karɓa ranar Laraba ya fitar da waƙoƙin da sunan wani makaɗi.

"Shekara tara kana cin tuwon amala a kwanona," in ji Iya Abeni. "Ajiye makullin, ka tafi."

Da la'asar Oyelakin ya mayar da tsohon faifan ya danna waƙar farko. Kalangu ya fara, sai ya tsaya cak, muryar marigayin ta fito a fusace:

"Abeni, rufe ƙofar nan mana, ɗauka muke yi!"

Ta miƙe ta rufe.