Makankarin Kaka

Akwai wata yarinya, 'yar wani kafinta. Abu ɗaya ke ci mata rai. Duk aikin shago, sai Baba ya ce, "Bari yayanki ya zo." Ita sai sharar garin katako.

Ran nan Yaya ba ya nan. Baba yana gama teburin malamin makarantarsu. Ya ɗauko makankari, wani falallen ƙarfe da ake kankare katako da shi har ya yi sumul. Na marigayi Kaka ne, Baba ba ya barin kowa ya taɓa shi.

"Ya dakushe," in ji Baba. "Uwata, jeki sayo mini magagari in wasa shi, ni zan je ɗauko fenti. Kin san irinsa?"

"Na sani mana!" Alhali ba ta sani ba.

Mai kayan ƙarfe ya tambaye ta, "Na gogar ƙarfe ko na katako?"

Ta murguɗa baki. "Haba Malam! Babana fa kafinta ne. Na katako!"

Ya miƙo mata mai manyan haƙora. Da ta dawo, Baba bai iso ba. Ta kama makankarin, ta yi ta gurza. Sannan ta gwada shi a kan teburin. Ƙiiii! Zane ya fito raɗau. Bakin makankarin kuwa duk ya yi giɓi-giɓi.

Baba ya shigo, ya duba, ya zauna. Bai yi faɗa ba.

"Shi kaɗai mahaifina ya bar mini," ya ce a hankali.

Wallahi da duka ya yi mata, da ya fi sauƙi. Ta fashe da kuka.

"Baba, tsoro na ji kar ka ce in jira Yaya, shi ya sa na ce na sani."

Baba ya dube ta, ya ce, "Ni ma da laifina. Ban taɓa koya miki ba."

Suka koma wurin mai kayan ƙarfe tare, suka canjo mai ƙananan haƙora. Baba ya riƙe hannunta, suna gogawa sannu-sannu har giɓin ya ɓace. Makankarin ya yi kaifi, ya share zanen teburin tas. Amma ya rage tsawo, ya yi wa hannun Baba kaɗan.

Baba ya ɗora mata shi a tafin hannu. "Yanzu daidai hannunki ne. Riƙe."

Tun daga ranar, in ba ta san abu ba, sai ta tambaya. Ta gane faɗin "ban sani ba" ba abin kunya ba ne.