Wa Ya Gaya wa El Guayabo Ranar Shuka?

Ranar da aka jefa ƙuri'a a farfajiyar coci, Dilcia ce ta riƙe hular kaba. Sunayen ƙauyuka ne a ciki. Waɗanda aka zaro za a riƙa tura musu hasashen ruwa ta waya duk damina, sauran a bar su yadda suke, idan kaka ta yi a auna masarar kowa a ga ko saƙon ya tsinana wani abu. Aikin da ofishin gona ya ɗauke ta ke nan.

Las Tunas ta fito, garin su Dilcia. El Guayabo da ke tsallaken kwari ba ta fito ba.

Wani dogon saurayi ya matso ya leƙa hular.

"Hular nan taki ta san 'yan gida," in ji shi.

Ta ce ya duba da kyau in yana zargi. Ya ce ya duba, amma ba hular ce ta tsare masa ido ba. Sunansa Selvin, ɗan Don Eulalio, dattijon El Guayabo. Kafin taro ya watse ya karɓi lambarta, ita ma ba ta san yadda aka yi ta ba shi ba.

Saƙonsa na farko har yau ta haddace shi: "Yayyafina, na wuce ta ƙofar ofishinku da buhun wake ban gan ki ba. Sai waken ya ƙara nauyi."

So ya kama Dilcia sosai, amma hankalinta bai kwanta ba. Mahaifiyarta, Doña Trinidad, tana tafa tortiya, wainar masararsu, tana ce mata ta buɗe ido, saurayin da garinsu ya faɗi ƙuri'a ba ya tasowa neman mai riƙe da saƙon don kyan haƙoranta. A can tsallake kuma Don Eulalio ya rantse ɗansa ba zai auro wadda ta murɗe musu hula ba.

Dilcia ta kasa kunne tana jiran ranar da Selvin zai tambaye ta zancen ruwa. Shiru. Wannan shirun ya fi komai damunta. Wane manomi ne zai zo zance a bakin damina bai ko ɗaga kai ya dubi sama ba?

Ruwan fari ya sauka. Saƙo ya gaya wa Las Tunas kada su shuka, ruwan zai ɗauke. Ƙauyukan da ba su da saƙo suka shuka, iri ya ƙone a ƙasa. El Guayabo ba ta shuka ba sai ranar da Las Tunas ta shuka. Da aka auna a kaka, masararsu da ta Las Tunas kai ɗaya.

Nery, abokin aikinta da ya taɓa neman soyayyarta ta ce ya yi haƙuri, bai yi wata-wata ba ya kai wa shugabarsu, Injiniya Barahona, labarin soyayyar. Injiniyar ta kira Dilcia ta ce awon ya lalace, kuma in ta hannunta saƙon ya tsallaka, ta tattara nata ya-nata.

Sai Dilcia ta tuna bikin gari, lokacin da Selvin ya karɓi wayarta zai ɗauke ta hoto, ya daɗe yana dannawa. Zuciyarta ta yi baƙi. Ta rubuta masa: "Ka samu abin da ka zo nema. Kada ka sake kira na Yayyafi."

Ya amsa: "Abin da na zo nema yana fushi da ni, ban san laifina ba. Ki zo ki tambayi Baba, shi ya hana mu shuka."

Ta sami Don Eulalio da hantsi a gindin gwaiba, kujerarsa na fuskantar kwari, kofi a hannu, Selvin na tsaye gefe. Ta gaishe shi, ta tambaye shi kai tsaye wa ya ba su saƙon.

Tsohon ya harare ta. "Ni zan karɓi maganar waya? Yarinya, tun kakana El Guayabo ba ta yarda Las Tunas ta riga ta cin ɗanyar masara. Daga nan nake kallon ku. Bana ruwa ya sauka, ban ga kowa da sandar shuka a tudunku ba. Na ce munafukan nan akwai abin da suke ɓoyewa, kowa ya ajiye irinsa."

Dilcia ta juya. Ga gonakin Las Tunas a shimfiɗe, har ta babanta tana gani. Dariya ta zo mata tare da hawaye.

"Don Eulalio, ai saƙona kuka bi. Da ido kuka karanta shi."

Tsohon ya kurɓi kofinsa. Can ya ce wa Selvin ya kawo wa baƙuwa kujera.

A hanyar rakiya kunya ta hana ta kallon Selvin. Ta tambaye shi me ya tsaya dannawa a wayarta ran biki. Ya ce hoton yake tura wa kansa. Zancen ruwa kuwa da gangan ya haɗiye shi, don ya san abin da za a ce.

"Ka yafe mini, masoyina."

"Ki mayar mini da sunana kawai, Yayyafina."

Injiniya Barahona ta zo ta zauna a kujerar Don Eulalio da kanta, ta ga abin da tsohon yake gani. Ta ce amfanin saƙon ya wuce yadda suka auna, kuma baɗi ba za a kwatanta garuruwan da ke hangen juna ba. Nery ya sha kunya.

An ɗaura auren a cocin da aka jefa ƙuri'ar. Doña Trinidad ta rungumi Selvin ta kira shi ɗana. Ango da amarya suka durƙusa, Don Eulalio ya dafa kawunansu ya roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da rumbu cike, ya raba su da zargin juna.

Suna fitowa hadari ya haɗo daga gabas. Selvin ya dubi sama, karon farko a gabanta, ya raɗa mata ko za a yi ruwa.

Ta riƙe hannunsa. "Yau kam zan gaya maka. Za a yi."