Bututun Ramin Kuza

Yafet mutum ne da ba ya ganin ƙarfe a yashe ya wuce. Duk Gidan Waya an san shi da wannan hali, shi da tsohuwar Fijonsa a-kori-kura da yake jigilar citta da taki. Motar ba ta da laifi sai guda: da rana ta take, inji ya ɗau zafi, sai ta riƙa hawa tudu kamar jakin da bai karya ba.

Osita, mai sayar da kayan mota a Kafanchan, shi ya faɗa masa dalili. "Oga, motarka zafin kansa yake sha. Iskan cikin bonet ya riga ya dahu. Ka ja masa fayif daga kafireta zuwa ƙarƙashin bamba, ya shaƙi mai sanyi. Za ka ga difrens."

Maganar ta zauna masa. Abin da ya rasa kawai bututu mai lanƙwasa daidai.

Ya same shi wata Alhamis a daminar 1991, bayan wani ƙauye kusa da Godogodo inda ya kai taki. Tsakiyar tsofaffin ramukan kuza da ciyawa ta cinye, ga bututun ƙarfe tsaye daga cikin ƙasa, tsawonsa iya ƙugu, kaurinsa kamar dantse, kansa a lanƙwashe irin sandar tsoho. An share kewayensa tas, babu ko tsinke. Da mai hankali ne, da ya tambayi wa ke sharewa. Yafet taɓawa ya yi, ya ji sanyi ƙalau da tsakar rana, ya ce Allah ya kashe ya ba shi.

Ya yanke shi da zarto dab da ƙasa. Guntun da ya rage ya fito da kaifi, sai ya tuna manoma na yawo ba takalmi. Ya sa guduma ya doddoke bakin har ya haɗe ruf. A ganinsa aikin kirki ya yi.

Kafin la'asar ya gama ɗaurawa. Ya haɗa bututun da tukunyar tace iska da guntun tiyo, ya naɗe mahaɗar da robar tsohuwar taya, ya rufe bakin da ragar sauro don tsakuwa. Da ya tayar da inji sai sauti ya canza, ya koma wani gurnani mai zurfi. Raɓa ta tsattsafo a jikin ƙarfen. Daɗi ya kama shi har ya yi fito.

Matarsa Afiniki ce mai ba da waƙa a zumuntar mata. Allah ya ba ta dogon numfashi. In ta ja Haleluya, sai masu kaɗa tulu su gaji ba ta sauke ba. Ranar suna da gwajin waƙa a Godogodo, ya ce zai kai ta, ya gwada aikinsa.

"Baban Eli," in ji ta tana gyara ɗankwali, "in wannan abin naka ya tsaya da mu a hanya, kai za ka yi wa mata waƙan."

Suka fita rana na faɗuwa. An yi yayyafi, kwalta na sheƙi, kwaɗi sun fara. Motar kuwa sai ka ce sabuwa. Tudun da take hawa da giya biyu ta haye shi da uku, ba ko tari. Afiniki ta buɗe murya tana bitar waƙarta.

Sun wuce gari na ƙarshe kafin Godogodo ke nan sai wari ya shigo. Ba na fetur ba ne. Warin laka ne mai daɗewa, da kalanzir, da gumin mutane a wuri matsattse. Sanyi ya taso daga ƙarƙashin sitiyari ya kama masa gwiwoyi.

Afiniki ta ja Haleluya. A tsakiya ta yanke.

Ya waiga. Bakinta a buɗe, hannunta a wuya, ƙirjinta na ɗagawa amma babu abin da ke shiga.

"Maman Eli! Mene?"

Ba ta da asma. Ba ta taɓa yi ba. Tsoro ya cika shi, ya ce asibiti kawai, ya taka totur har ƙasa. Inji ya yi gurnani, ita kuma ta banƙare, idanunta suka yi fari.

Ya ɗaga ƙafa don canza giya. Nan take Afiniki ta ja iska, guda, da ƙara.

Ya sake takawa. Ta sake shaƙewa.

Gashin jikinsa ya tashi. Ya ɗaga ƙafa a hankali, ya ji ta shaƙa. Abin da motar ke sha, daga ƙirjin matarsa take jansa.

Ya taka birki, ya kashe inji.

Kwaɗi sun yi shiru.

Amma gaban motar na numfashi.

Ya fita, ya durƙusa gaban bamba. Ragar sauron na lotsawa ciki, ta saki, ta lotsa. Ba ƙirji ɗaya ba ne. Da yawa ne, kowanne da nasa kurman huci. Sai raɗa ta fito, ta namiji, a dishe.

"Wa ya rufe?"

Wata ta biyo, can ƙasa da ita. "Buɗe mana... buɗe."

"Jinin Yesu," in ji Yafet.

Ya tuna gudumarsa. Ya tuna bakin da ya haɗe.

Ya yanke robar da wuƙa, ya fizge bututun. Sanyinsa ya manne masa a tafi. Ya leƙa ta taga, Afiniki na jan iska kaɗan-kaɗan kamar ta tsinken ciyawa, leɓɓanta sun yi toka. Barin ta ya fi masa komai ciwo, amma ramukan ba su kai mil guda ba. Ya ɗauki bututun, da guduma da kurfin sara ƙarfe, ya yanki daji da gudu.

Bututun na huci a kafaɗarsa, dab da kunne.

Akwai sauran haske da ya isa. Wata tsohuwa na durƙushe a sharerren wurin, 'yar fitila a gefenta, tana ƙoƙarin ɓamɓare bakin ƙarfen da ruwan fartanya. Yatsunta duk jini.

Ba ta ɗago ba. "Kai ne?"

"Ni ne, Mama. Ban sani ba."

"Mijina yana ƙasa. Su bakwai. Ramin ya rufta, aka kasa tono, aka tura musu wannan su sha iska." Ta share hanci da bayan hannu. "Shekara talatin da huɗu. Ba mu taɓa ji sun daina ba."

Ya kafa kurfi. Hannunsa ya kuskure, ya doki yatsa, bai ji ba. Duka na biyu. Na uku.

Bakin ya tsage.

Ƙasa ta ja numfashi.

Fitilar ta mutu. Ciyawa ta kwanta wajen ramin, rigarsa ta manne da ƙarfen, iskar cikinsa ta fice har ya faɗi a gwiwa. Jan ya yi tsawo, ya yi tsawo. Sannan, daga can ƙasa, tari. Tarin mutane da yawa.

Ya ɗora bututun a mazauninsa, ya naɗe da sauran robar, ya juya da gudu ba sallama.

Ya tarar da Afiniki zaune a bakin kwalta tana kuka, tana numfashi. Bai taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba.

Washegari ya kawo mai walda daga Kafanchan aka liƙe bututun. Fijo ta koma nishinta a tudu, bai ƙara yi mata ƙorafi ba. Tsohuwar, Mama Joanna, ta rasu bayan damina biyu, shara ta koma hannun Yafet. Duk Alhamis yana can da fartanya.

Afiniki ta rayu, tana noma, tana dariya. Amma ba ta ƙara ba da waƙa ba. In ta ja baiti sai ya tsinke a tsakiya, ta tsaya tana haki. Tulu take kaɗawa yanzu, a layin baya.

Sau ɗaya tak Yafet ya kara kunne a bakin bututun, bai kuma faɗa mata ba. Ya ƙirga numfashi bakwai. Can ƙarƙashinsu, siririya, muryar da ya fi sani a duniya tana jan Haleluya, har yau ba ta sauke ba.