Kawu Ba Shi da Zuciya

Ƙodar roba ce ta kai Auta ɗakin gwaji dab da magariba. Ta aro ta don bita, ga shi Malama Maimaita ta rantse duk wanda ya kwana da kayan makaranta zai gane kurensa.

Auta ɗalibar koyon jinya ce, kuma kalmomin likitanci sun sha mata kai. Malamar, wadda ta samo sunanta daga "maimaita!" ɗin da take daka musu, ta koya musu cewa kowace kalma tana da kai da wutsiya. Kai sunan gaɓa ne: nefro ƙoda, hefato hanta, kardiyo zuciya. Wutsiya kuwa abin da za a yi wa gaɓar. Otomi tsagawa, ektomi cirewa ɗungurungum. To, waɗannan wutsiyoyi biyu Auta ke juyawa kullum, har 'yan aji ke tsokanarta wai ranar da ta shiga ɗakin tiyata sai kowa ya bar wasiyya.

Ɗakin na warin roba da maganin wanke ƙasa. Famfo na ɗiga a kwano. Can a kusurwa Kawu na tsaye, wato mutum-mutumin roban nan mai buɗaɗɗen ƙirji da ake zare kayan cikinsa ana nuna wa ɗalibai. Zuciyarsa ta ɓace tun kafin zuwan su Auta, sai rami a wurin.

Ta tura ƙodar a mazauninta. Ta shige ƙyat. Da ta janye hannu sai ta ji yatsunta da ɗumi, da danshi.

"Nefro," in ji wata murya ƙasa-ƙasa.

Famfo ya daina ɗiga.

Auta ta juya za ta gudu, hannun roba ya cafke wuyan hannunta. Warin ɗakin ya sauya, ya koma ƙarnin ɗanyen nama.

"Shekaru nake zaune a cikin wannan robar ina jinku," in ji Kawu, bakinsa ko motsi. "Na iya sunayen gaɓoɓi. Amma wutsiyoyin, a ajin saman bene ake koya muku su. Mu kuwa irinmu ba ma ɗaukar abu sai mun kira shi da cikakken sunansa."

Yatsa mai sanyi ya sauka a ƙirjinta.

"Kardiyo. Mece ce wutsiyar cirewa?"

Nan ta gane. Tata yake so.

Ta datse haƙora. Ta nemi addu'a, ta rasa farkonta. Ta so ta yi masa ƙarya, amma harshenta ya daina zama nata. Abin da ta yarda shi ne daidai, shi ya fito.

"Otomi," ta ce da raɗa.

"Kardiyotomi."

Wani zafi ya keta ta daga wuya zuwa ciki. Rigarta ta jiƙe. Yatsun suka lalubi tsagar, suka ja.

Zuciyar ta ƙi fitowa.

Ya sake ja. Ta ƙi. Ya yi wani gurnani, riƙonsa ya sassauta, ta fizge ta faɗa waje da rarrafe.

Kuskuren da ake mata dariya a kai ne ya bar ta da rai. An ɗinke ta a asibiti, aka ce ta faɗi ne kan gilashi. Da ta samu ƙafa, kai tsaye ta nufi makaranta. Ta tarar da aji a ɗakin gwaji da rana tsaka. Ta toge a bakin ƙofa.

"Malama, don Allah ku fito. Kada a faɗi wutsiyar nan a ɗakin nan."

Ta zayyana komai. Aji ya kwashe da dariya. Malama Maimaita ta girgiza kai, tana tsaye kafaɗa da kafaɗa da Kawu.

"Ke dai kin shiga uku. Ko a tatsuniyarki ma sai da kika juya su." Ta dafa nata ƙirjin. "Cirewa ektomi ne. Kardiyo, ektomi. Maimaita!"

Aji bai kai ga buɗe baki ba, wata murya ta maimaita daga gefen Malama.

Malama ta zube ba ko ihu. Likitoci suka ce zuciyarta ce ta tsaya, ɗaliban da ke gaba kuwa har yau ba sa son a tambaye su abin da suka gani.

An garƙame ɗakin da kwaɗo. Auta ba ta sake juya wutsiyoyin nan ba, ba ta kuma sake furta ta cirewar ba, ko a jarrabawa. Ba ta bi ta barandar ɗakin. Masu bi sun ce in ka kasa kunne a jikin ƙofar, famfo ya daɗe da ƙafewa, amma akwai abin da ke bugawa a ciki.