Fiton Cikin Hazo

"Ko ni ko shi, Rinske."

Mem, mahaifiyar Rinske, ba ta ɗaga murya ba. Ta ci gaba da yanka burodi, idonta a kan takalman 'yarta da suka sha taɓon bakin teku.

Rinske ta san wanda ya kawo gulmar. Baukje ce, 'yar maƙwabta, wadda ta shiga ƙungiyar masu kallon tsuntsaye alhali ba ta iya bambance dinya da agwagwar gida. Douwe, wanda ya yi wa Rinske baiko, take bi, kowa ya sani. Ita ta zo da gudunta ta faɗa wa Mem cewa ta ga Rinske da Douwe a kan ganuwar da ke tare ruwan teku suna karɓa-karɓa da madubin hangen nesa ɗaya, kafaɗa na gogar kafaɗa.

"Mem, ba shi ya kashe Yaya Jelle ba..."

"Na ce ya kashe shi ne? Fito ya yi masa. Ɗana yana cikin hazo, teku na cikowa, shi kuwa yana tsaye yana fito kamar mai kiran kare."

Gaskiya ce, kuma ita take cin Rinske. Masu kallon tsuntsaye ba sa ihu a bakin ruwa, don kada garke ya tashi. Jelle da Douwe tun suna yara suke kiran juna da kukan wani tsuntsu mai dogon baki lanƙwasasshe. A kakar da dinyoyi suka sauko da wuri, Jelle ya shiga cikin taɓo don ya gan su kusa, hazo ya rufe shi. Douwe ya yi ta fito daga kan ganuwa. Sai dai ya ƙware fiye da kima, kuma tsuntsayen gaske suna ta nasu kukan daga ɓangaren teku. Jelle ya bi nasu, ruwa ya ci shi.

Da yamma Rinske ta mayar wa Douwe da zoben baikonsa. Bai yi musu ba, kuma wannan ya fi mata ciwo. Ya juya zoben a tafin hannunsa, ya ce zai jira.

"Har yaushe?"

"Har ki daina kuka idan kin gan ni, farin cikina."

Ta juya da sauri don kada ya ga ta riga ta fara.

Makonni suka shuɗe, dinyoyi suka dawo. Gidan ya yi shiru, ban da kukan tsuntsun nan mai dogon baki da iska ke shigowa da shi ta taga. Duk sa'ad da ya taso, Mem sai ta ajiye abin da ke hannunta ta karkata kai. Sau ɗaya Rinske ta ji ta tana cewa a hankali, "Ga ni nan, ɗana." Tsoro ya kama ta, amma ta yi kamar ba ta ji ba.

Wata Asabar da safe ta sauko ta tarar da kofi ya huce a kan tebur, ƙofar baya a buɗe, dogayen takalman Mem ba sa nan. A waje hazo ya haɗiye komai.

Da gudu ta isa ganuwa. 'Yan ƙungiya suna durƙushe a jere, kowa ya riƙe numfashi, wai wata baƙuwar dinya mai jan ƙirji ta sauka cikin garke dab da su. Baukje na manne da gefen Douwe. Ta ɗora yatsa a leɓe, ta ce Rinske ta rufa musu asiri, mutane daga gari mai nisa suka zo.

Rinske ba ta ko kalle ta ba. Ta nuna sawun takalma da ya gangara cikin taɓo.

"Douwe... Mem ce."

Ta ga leɓɓansa sun haɗu da kansu, irin na mai shirin fito. Ta ga ya firgita da kansa. Sai ya miƙe tsaye, ya buɗe baki ya kira Mem da sunanta.

"Antje! Antje! Nan ne tudu!"

Garken ya tashi gaba ɗaya, ƙarar fukafukai ta cika sama. Wani ya yi tsaki, sannan ya gane, shi ma ya kama kira. Babu amsa. Ruwa ya fara kwarara cikin ƙananan kwazazzabai. Douwe ya ɗaura igiya a ƙugu, ya danƙa wa Rinske ɗaya bakin, ya shiga yana kira har muryarsa ta dushe. Ita dai tana sakin igiya tana addu'a. Mutum biyu take so a duniya, kuma duka suna cikin farin nan da ya cinye na uku.

Da suka ɓullo, ruwa ya kai musu gwiwa. Mem ta zauna a gindin ganuwa tana rawar sanyi. Rinske ta rungume ta tana tambayar ko ba ta ji kira ba.

"Na ji. Tun na farko na ji." Mem ta ɗago ta dubi Douwe. "Tsayawa na yi. Ina so in san iya inda muryar mutum take kaiwa. Na wuce wurin da aka tsinci hular Jelle, kuma ina jin ka sarai."

Fuskar Douwe ta yi fari fat.

"Da ka kira sunansa, da ya ji ka."

"Na sani, Antje," ya ce da ragowar muryarsa. "Kullum da shi nake tashi."

Mem ta daɗe tana kallonsa. Rinske ta sadaƙar cewa komai ya ƙare. Sai tsohuwar ta miƙa masa hannu don ya tashe ta.

"Ba zan yafe maka ba, kada ka sa rai," ta ce. "Amma a duk garin nan, ni da kai ne kaɗai ba mu bar shi ya tafi ba. Ka mayar mata da zobenta."

Da bazara aka ɗaura auren a ƙaramin cocin ƙauyen. Mem ta zauna a layin gaba, ba ta yi murmushi ba, ba ta kuma tashi ba. Da aka zo fita ƙafarta ta ɗan gurɗe a kan matakala. Ga Rinske a kusa da ita, amma hannun Douwe ta kama.