Wanda Ya Zo Ɗaukar Baba

Wayar fitila ce ta haɗa su. Auta ta fito daga kicin ɗauke da tiren shayi, ƙafarta ta sarƙe da wayar da aka shimfiɗa a tsakar falo, saura ƙiris ta kifa. Wani dogon saurayi ya saki kyamararsa ya tare tiren, shayi ya zubo masa a yatsu. Ita ta ƙona shi, amma shi yake ta jera mata sannu.

Masu fim ne suka cika gidan. Sun zo haɗa fim ɗin tarihin mahaifinta, wanda duniya ta sani da Tsawa, gwanin kiɗan Turawa na rok da a zamaninsa in ya taɓa jitar lantarki sai fili ya ɗauka kamar zai tsage. Yanzu ya tsufa, gwiwa ta ƙi, jitar tana rataye a bango, amma son a kalle shi yana nan daram.

Ba a jima ba Dogo, haka ta raɗa masa, ya samu lambarta. Saƙonsa na farko ya faranta mata rai:

"Autata, yatsuna sun warke, amma wani wurin ya kama da wuta."

Tana cikin murmushi na biyu ya shigo:

"Don Allah tambayi Baba, da gaske da hannun hagu ya fara koyon jita?"

To, a nan gizo ke saƙar. Tun tana makaranta Auta ta saba da ƙawayen da hoto da Baba ne ya kawo su, da samarin da za su zo hira su ɓuge da zama gabansa baki buɗe, ita tana gefe kamar kujera. Kishi da wata mace da sauƙi, ko ba komai ka harare ta ka huce. Wadda take kishi da ubanta kuwa, ina za ta kai ƙara?

Shi ma Dogo bai taimaki kansa ba. Ya haddace waƙoƙin Tsawa har da waɗanda mai su ya manta. In suka zauna a baranda zai fara da "hasken idona", kafin shayi ya huce ya koma labarin ranar da wayar jita ta tsinke wa Baba a kan dandamali bai fasa kiɗa ba. Tana son shi, so mai hana cin abinci, shi ya sa abin yake ci mata rai.

Mama ma ta ƙi. Ta ce ita ta auri mai kiɗa ta ga abin da ta gani, 'yarta ba za ta auri mai bin mai kiɗa ba. Ta ce irin waɗannan, ranar da fim ya ƙare ranar soyayya take naɗe tabarmarta.

Abin ya kai maƙura ranar da Baba ya sauko da jitar daga bango, bayan shekaru bai taɓa ta ba. Auta tana can baya wajen taga tana ninke wanki. Dogo ya manna ido a kyamara bai ɗago ba har aka gama, sannan ya duba abin da ya ɗauka, ya tattara kayansa ya fice ko sallama babu. Ranta ya ɓaci, ta rubuta masa:

"Na gane. Baba kake so, ni hanya ce kawai. Allah ya bar ku tare."

"Autata, ba haka ba ne. Ɓarna na yi a wurin aiki, kunyar faɗa nake ji."

Ta sha kukanta a ɗaki, ta daina fitowa da shayi.

Ana nan sai ga daraktan fim ɗin ya zo da kwamfuta a hammata, Dogo yana biye da shi kai a sunkuye. Ya nemi kowa ya zauna, ya ce ya zo ba da haƙuri ne, domin hoton da ya fi kowanne daraja a fim ɗin ya lalace. Ya kunna.

Sautin jitar ya fito tar, har tsikar jiki na tashi. Amma Baba da ke gaba ya fito dishi-dishi, kamar ana hango shi ta gilashin da ruwa ya jiƙa. Can bayansa kuwa ga Auta raɗau, har zanen furen ɗankwalinta ana gani. Ta daina ninkin, ta rungume wata riga tana sauraron mahaifinta, hawaye na bin kumatunta. A hankali kyamarar ta yi ta matsawa wajenta, har ya zama kafaɗar Baba kaɗai ta rage a gefe.

Darakta ya ce tunda yake bai taɓa ganin irin wannan sakaci ba, kuma korar yaron zai yi. Baba ya cire tabarau ya dubi Dogo.

"Kai yaro, ina riƙe da jita ka kalli wani wuri?"

"Ka gafarce ni, Baba. Kunnena yana wurinka. Idon ne ya ƙi."

Sai Mama ta fashe da dariya, ta yi ta yi har dariyar ta koma hawaye. Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Tunda na auri bawan Allahn nan, ban taɓa ganin wanda ya shigo gidan nan ya ga wani ba shi ba. Wannan kam na ba shi Auta."

Kunya ta kori Auta ɗaki da gudu. Tana rufe ƙofa ta ɗauko waya ta rubuta masa:

"Dogona, duk ka rame. Ka ci abinci kuwa?"

Kishi kuma ya tashi daga ɗakin Auta ya tare a falo. Baba ya yi kwanaki yana cika yana batsewa, yana cewa 'yar cikinsa ta ƙwace masa fim. Daga baya ya sauko, ya hana a kori yaron, ya yarda a sake ɗauka, da sharaɗin a tura Auta gidan yayarta har a gama.

Bayan fim ya fito aka ɗaura musu aure. Da suka durƙusa gabansa, tsohon ya dafa kawunansu.

"Ni na sha kallo har na ƙoshi," ya ce da Dogo. "Ita ce ba ta samu ba. Kada ka ɗauke idon nan daga kanta. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari."

Mama ta amsa da amin, Auta kuma ta kifa kai a gwiwar mahaifinta tana kukan daɗi.